Na'urori a Ɗakin Malamin Kiɗa

A biranen Turai da Amurka da ƙasar Jafan akwai wata sana'a wadda ba ta da kanti, ba ta da rumfa a kasuwa, amma mutane dubbai suna ci da ita. Ita ce sana'ar malamin kiɗa mai zaman kansa. Ba gwamnati ta ɗauke shi ba, ba kuwa wata makaranta ke biyansa ba. Ɗaki guda ya kan keɓe a cikin gidansa, ya ajiye fiyano, ko kuwa bayolin, watau gogen nan na Turawa mai tsarkiya huɗu, sa'an nan iyaye su riƙa kawo masa 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, suna biyansa ladan kowane darasi. Shi ne malami, shi ne akawu, shi ne ma'aji, shi ne kuma mai share ɗakin.

Babbar wahalar wannan sana'a ta lissafi ce. Mako yana da sa'a 168. Yaro ya kan zauna gaban malaminsa rabin sa'a, in ta yi yawa sa'a guda, sauran kwanakin duka yana gida ba mai gyara masa. In ya ɗauki kuskure ran Litinin, ya yi ta maimaita shi har Lahadi, to, kafin ya komo kuskuren nan ya riga ya zauna a yatsunsa, cire shi kuwa ya fi koyar da sabon abu wuya. Yaron da ya ga ba ya ci gaba sai ransa ya fita, iyaye su daina kawo shi, abincin malam ya ragu. Saboda haka kusan dukan na'urorin da suka shigo wannan sana'a cikin shekara 300 da suka wuce aikinsu guda ne, su zama wakilin malami sa'ad da ba ya nan.

Ta fari ƙarama ce ƙwarai. Cikin shekara ta 1711 wani mai busa na fadar sarautar Ingila, sunansa John Shore, ya ƙera wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, wanda in an buga shi ya kan ba da amo iri ɗaya kullum. Da shi a ke daidaita tsarkiya. Amma an daɗe kowace ƙasa da nata amo, sai a 1939 aka yi taro a Landan aka shirya a kan amon da ke kaɗawa sau 440 cikin sakan ɗaya. Yanzu wayar hannu tana yin wannan aiki: tana jin tsarkiya, ta ƙidaya kaɗawarta, ta nuna ko a ɗaure ko a sassauta.

Ta biyu ita ce metronom, wadda za a iya kira agogon kiɗa. Dalilin ƙago ta shi ne, mai koyo ba ya jin saurin kansa. In ya zo wuri mai sauƙi sai ya ruga, in ya zo mai wuya ya ja ƙafa, alhali kuwa a ransa yana tsammani tafiya ɗaya ya ke yi. Tun da daɗewa masana sun san cewa lilo yana kai da komo cikin lokaci daidai, amma akwai cikas. Lilon da zai buga sau 60 a minti sai tsawonsa ya kai kusan inci 39, wanda zai buga sau 40 kuwa ya fi ƙafa bakwai, ya ɗara dogon mutum. Wa zai ajiye wannan a kan fiyano? Wani maƙeri mai suna Dietrich Winkel, mazaunin Amsterdam ta ƙasar Holan, shi ya warware matsalar wajen 1814. Ya sa nauyi biyu a jikin ɗan sanda guda, ɗaya ƙarƙashin wurin da sandan ke rataye, ɗaya a bisansa. Na saman yana hamayya da na ƙasan, don haka gajeren sanda sai ya yi tafiyar hawainiya kamar dogo. In an tura nauyin saman ya hau, bugu ya ragu. In an sauko da shi, bugu ya ƙaru.

Amma wani ya yi rawa ya sami kuɗi, wani ya yi ya sha kashi. Wani Bajamushe, Johann Maelzel, ya ga aikin Winkel, ya ƙara masa ma'auni mai lambobi, ya yi rajistarsa da sunan kansa a 1815, ya shiga ƙerawa yana sayarwa. Har yau haruffan nan biyu, M.M., da a ke gani a kan waɗansu takardun kiɗa, sunan Maelzel su ke tunawa. Shahararren mai tsara kiɗan nan Beethoven yana cikin na farkon da suka karɓi abin, ya fitar da lambobin saurin manyan kaɗe-kaɗensa a 1817. Ga malami mai zaman kansa amfanin a fili ya ke. Da, sai ya ce wa yaro ya riƙa yi a hankali, kowa kuwa da tasa hankali. Yanzu ya kan rubuta masa 60 a littafi, ya ce in ya iya ba tuntuɓe ya ƙara zuwa 66. Ko da ya ke haka ne, gwanayen malamai ba su barin yaro ya manne mata, domin kiɗa mai rai yana numfashi, agogo kuwa ba ya yi.

Abin da ya juya sana'ar duka shi ne ɗaukar murya. Thomas Edison ya fito da na'urarsa a 1877, garmaho ya biyo baya, amma da faifai galibi mutum sai dai ya saurari waɗansu, ba kasafai ya ke iya sauraron kansa ba. Wannan bai yi sauƙi ba sai da rikoda mai tef ta zo. Kamfanin AEG ya nuna ta a Balin cikin 1935, da sunan Magnetophon. Yadda ta ke aiki shi ne, makirufo yana mai da sauti ya zama lantarki mai hawa da sauka, lantarkin ya shiga wani ɗan maganaɗisu, siririn tef wanda aka shafe da garin tsatsar ƙarfe yana wucewa a gabansa yana ɗaukar alamar. In an mai da tef baya aka sake shi, alamar ta komo sauti. Ana iya sharewa a sake ɗauka a kansa. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, abin ya yi araha har ya shiga gidajen talakawa.

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya sa mutum zai bukaci na'ura kafin ya ji abin da shi da kansa ya kaɗa? Dalili biyu ne. Mai waƙa yana jin muryarsa ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, su kuwa ƙasusuwa suna ƙara mata kauri. Shi ya sa kowa ya kan yi musun muryarsa ran da ya fara jin ta a rikoda. Mai bayolin ma haka, tun da ya ke kayan kiɗan yana manne da haɓarsa, ɗan taƙi ne tsakaninsa da kunnen hagu, abin da ya ke ji dabam ne da abin da na ƙarshen zaure ke ji. Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi. Hankalin mai koyo ya rarrabu, rabi yana kan takarda, rabi yana kan yatsu, abin da ya rage wa kunne kaɗan ne, kuma sau da yawa abin da ya yi niyya ya ke ji, ba abin da ya fito ba. Malami ya iya faɗa wa yaro sau goma cewa yana gaggawa, yaro ya ce a'a. In aka kunna masa tef, gardama ta ƙare.

Ba malamin da ya ɗora koyarwarsa a kan wannan kamar Shinichi Suzuki, mutumin Jafan. An haife shi a Nagoya cikin 1898, ubansa yana da masana'antar ƙera bayolin, amma shi bai kula da kaɗa ta ba sai yana wajen shekara 17, sa'ad da ya ji faifan wani gwani mai suna Mischa Elman. Daga nan ya ɗauki bayolin ya kai gida, ya yi ta sa faifai yana kwaikwayo, watau garmaho ne malaminsa na fari. Daga baya ya tafi Balin ya yi karatu wajen Karl Klingler shekaru da dama. Bayan ya komo gida sai wani tunani ya faɗo masa, wanda kowa ya sani amma ba a kula da shi ba: duk ɗan Jafan yana jin Jafananci, ba wanda ya gaza, ba kuwa da littafi ya koya ba. Ji ya yi ta yi dare da rana tun yana goye. To, in haka ne, me zai hana kiɗa ya shiga ta wannan ƙofa? Ɗan makaɗi a ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan, don a cikin amon kalangu ya buɗe ido. Suzuki so ya yi ya ba ɗan da ba makaɗi a gidansu irin wannan gata, faifai kuwa shi ne hanyar.

A 1946 ya soma koyarwa a garin Matsumoto. Yara tun suna shekara uku a kan ba su ƙananan bayolin daidai hannunsu. Uwa ko uba su kan zauna a darasi su ga abin da aka yi, a gida kuwa kowace rana a kunna wa yaro faifan kaɗe-kaɗen da zai koya, ko yana wasa ko yana cin abinci, har ya san su sarai kafin yatsansa ya taɓa tsarkiya. Da rikoda ta yawaita, almajirai daga ko'ina cikin Jafan suka riƙa aiko masa da tef ɗin kiɗansu in za su haye wani mataki, shi kuwa ya kan tashi tun kafin asuba ya saurara, ya mayar musu da shawara. Na'ura ce kuma ta fitar da sunansa waje: a 1958 aka nuna wa malamai a Kwalejin Oberlin ta Amurka silman yaran Jafan ɗaruruwa suna kaɗawa tare, a 1964 ya kai yara goma Amurka aka gan su ido da ido. Ya rasu a 1998 yana da shekara 99. Hanyarsa ba ta rasa masu suka ba. Sun ce yaran su kan makara wajen karanta rubutun kiɗa, kuma wanda ya tashi da faifai guda a kunne zai iya zama inuwar mai faifan. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa malamai da yawa masu bin hanyar su kan shigo da karatu da wuri.

Wata dabara ta ɓullo a New York cikin 1950, inda wani saurayi, Irv Kratka, ya soma buga faifai na ƙungiyar makaɗa amma an cire kason mutum ɗaya, domin mai koyo ya cika gurbin a ɗakinsa. Aibinta guda, faifai ba ya jiran kowa. Fiyano mai lantarki kuma, irin Clavinova da kamfanin Yamaha ya fitar a 1983, ta raba malamai da yawa da faɗan maƙwabta, tun da ya ke ana iya toshe muryarta a saurara ta abin sawa a kunne.

A 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe ƙofofi, malamai masu zaman kansu suka wayi gari ba almajiri ko ɗaya a ɗaki. Wanda bai koma koyarwa ta intanet ba, kuɗin shigarsa ya yanke. Nan suka ci karo da abu biyu. Na fari, manhajojin kira don magana aka yi su, saboda haka in suka ji doguwar murya mai amo ɗaya sai su ɗauka ƙarar fanka ce, su danne ta. Wannan ya gyaru, har kamfanin Zoom ya ƙara wani tsari na musamman don kiɗa cikin shekarar nan.

Na biyun ba ya gyaruwa duka, don dokar halitta ce. Sauti yana tafiyar yadi wajen 375 a sakan, ashe ko a ɗaki ɗaya akwai ɗan jinkiri tsakanin makaɗi da makaɗi, kunne dai ya saba da shi ne. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun raba mutane biyu-biyu a ɗakuna dabam, suka sa su tafi tare, suna ƙara jinkirin da ke tsakaninsu kaɗan kaɗan. Suka tarar in jinkiri ya yi yawa, kowa ya kan tsaya jiran ɗan'uwansa, tafin ya yi ta sanyi. Iyakar abin da makaɗa ke jurewa ba wuya bai wuce kashi 25 zuwa 30 cikin dubu na sakan ba, kamar tazarar yadi goma ke nan. Haske kuwa cikin zaren gilashin da ke ɗauke da saƙo yana cin mil wajen 124,000 a sakan, tsakanin Landan da New York kuma mil 3,460 ne. In an raba, tafiyar kaɗai ta cinye kashi 28, tun ba a sa jinkirin na'urorin da ke hanya ba. Don haka malamin da almajirinsa ke ƙetaren teku ba ya kaɗawa tare da shi. Ya kan yi, yaro ya maimaita, ko kuwa yaro ya ɗauki kansa da waya cikin mako ya aiko, kamar yadda almajiran Suzuki suka yi da tef. Amma gyaran riƙon baka da zaman kafaɗa, wanda a ɗaki taɓawa ɗaya ke yi, ta waya sai an yi ta bayani.

Saura aikin akawu, wanda malaman kiɗa kaɗan ne ke sonsa. Da, littafi ne da fensir: wa ya zo, wa ya biya, wa ake bi. Sa'ar da almajiri ya ƙi zuwa ba tare da sanarwa ba ta tafi ke nan, ba a sayar wa wani ita gobe. Yanzu kwamfuta tana riƙe jerin darussa, ta aika wa iyaye tunatarwa, ta rubuta takardar kuɗi, a biya ta banki, malam ya huta da kunyar tambayar bashi a gaban yaro. Sai dai abin da aka ɗauka na murya da hoton 'ya'yan mutane amana ne, ba a ajiye shi ko a nuna shi sai da yardar iyaye. Mai almajirai a wata ƙasa kuma sai ya lura da agogo. Ingila tana tura nata gaba ran Lahadin ƙarshe ta watan Maris, Amurka kuwa tun Lahadi ta biyu, saboda haka akwai mako biyu ko uku cikin watan Maris na kowace shekara da bambancin Landan da New York ke zama sa'a huɗu maimakon biyar, yaro ya zauna da bayolin a hannu yana jira, malam kuwa bai ko gama shan shayi ba.