Zuwan Jirgin Ƙasa Kano da Sauyin Alƙiblar Ciniki

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna yadda hanyar jirgin ƙasa ta juya fuskar cinikin Kano daga arewa zuwa kudu.

Kafin zuwan Turawa, ayarin raƙuma ne ke ɗaukar rinannun tufafi da jemammun fatu daga Kano zuwa ƙasashen Sahara har Tarabulus, fatake kuwa su nufi Gwanja sayo goro. Marinar Ƙofar Mata tana cikin wuraren da wannan ciniki ya raya.

A zamanin Gwamna Girouard, wanda ya iso Arewa a 1907, aka soma shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, tafiyar mil 356. Hakimai da dagatai aka ɗora wa nauyin tara ma'aikata, da yawansu kuwa aikin tilas suka yi. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, sa'an nan a 1912 aka buɗe shi, aka kuma haɗa shi da na Ikko a Minna. Tashar ba a cikin birni aka gina ta ba, a waje take, gabas da ganuwa. Saboda haka kamfanonin Turawa da Sabon Gari suka kafu a can, babban ciniki ya fara fita daga Kurmi.

Auduga Turawa suka yi tsammani, domin masaƙun Ingila. Amma manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma ana cinta in shekara ta ɓaci. Daga nan aka sami dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Gyaɗa da auduga ne suka ja dogo zuwa Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Sai dai jirgin da ya fita da gyaɗa shi ne ya riƙa komowa da yadin Turai, wanda sannu a hankali ya rage wa masaƙa da marina kasuwa.

A ƙarshe, ya kamata manazarta su lura cewa a 2021 an aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wato wajen tsohuwar hanyar ayari. Darasin 1912 shi ne, ba mai shimfiɗa hanya kaɗai ke zaɓar abin da za ta ɗauka ba.