Bushewar Baki: Ruwan Kurkure Baki Zai Taimaka Kuwa?

'Yan'uwa, da zarar hunturu ya shigo a watan Nuwamba, kuka ɗaya ake ji a 'Yargoje da sauran ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: leɓe ya tsage, maƙogwaro ya bushe, harshe ya yi kaushi. In bazara ta zo a Maris da Afrilu, abin sai ya ƙaru. Mai wa'azi yakan tsaya neman ruwa a tsakiyar magana. Mawaƙa su kasa ɗaga murya. Tsohuwa ta kasa haɗiye tuwo sai ta kora da ruwa.

Wasu in sun je Ƙanƙara ko Funtuwa sukan shiga kemis su sayo kwalbar ruwan kurkure baki, kore ko shuɗi, da fatan samun sauƙi. Wani ya ji daɗinsa. Wani kuwa bakinsa ya ƙara zafi, kuɗinsa kuma ya tafi. To, mece ce gaskiyar magana? Ga ta a taƙaice: ruwan kurkure baki yana iya sanyaya baki na ɗan lokaci, in an zaɓi wanda ya dace. Amma ba ya warkar da abin da ya jawo bushewar. Wannan abin shi ne ya kamata mu nema.

Mene ne amfanin miyau?

Mutum mai lafiya yakan fitar da miyau rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Akasarinsa yana fitowa ne daga wasu ƙullutai guda 6, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne (wanda ke kumbura in yaro ya kamu da hangum), ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe.

Miyau yana jiƙa abinci domin mu iya taunawa da haɗiyewa. Yana wanke guntun abinci daga haƙora. Yana kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke yi bayan mun sha zaƙi, tsamin da ke cin haƙori har ya yi kogo. Saboda haka wanda bakinsa ya daɗe a bushe yakan yi fama da ruɓewar haƙora, ciwon dasashi, warin baki, da farin abu mai kama da kindirmo a harshe. Da dare miyau yakan ragu ƙwarai, shi ya sa bushewar ta fi tsanani da asuba.

Me ke kawo bushewar baki?

1. Ƙarancin ruwa a jiki. Aikin gona cikin rana, doguwar tafiya, zazzaɓi, amai da gudawa duk suna zuƙe ruwan jiki.

2. Numfashi ta baki. Ƙurar hunturu da mura suna toshe hanci, sai mutum ya kwana baki buɗe.

3. Magunguna. Akwai ɗaruruwan magunguna da ke rage miyau. Cikin waɗanda muka saba da su akwai maganin mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, maganin murɗar ciki irin su Buscopan, maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, magungunan damuwa da rashin barci, da kuma tramadol. Tsofaffi sun fi shan wahala domin sukan haɗa magani iri biyu ko uku.

4. Taba, giya, burukutu, da yawan cin goro ko shan shayi mai ƙarfi.

5. Tsoro da damuwa. Kowa ya san yadda baki ke bushewa in gaba ta faɗi. Mutanen 'Yargoje, waɗanda suka ga harin watan Yuni na 2024, da duk waɗanda suka bar gidajensu saboda 'yan bindiga, ba sai an yi musu bayanin wannan ba. Wanda ya daɗe cikin fargaba da rashin barci yana iya daɗewa da busasshen baki.

6. Wata cuta a ɓoye. Ciwon sukari shi ne kan gaba. Akwai kuma ƙanjamau, da wata cuta da ta fi kama mata, wadda ke busar da ido da baki tare. Ana kiranta da sunan Sjogren, likitan ido ɗan ƙasar Suwidin da ya yi bayaninta a 1933.

Ba kowane ruwan kurkure baki ne ya dace ba

Kwalaben da ke kan kanta sun yi kama da juna, amma aikinsu daban. Za mu iya raba su kashi uku.

Na farko shi ne mai barasa a ciki. An yi shi ne domin kashe ƙwayoyin cuta da ƙamsasa baki. Listerine, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1879, yana cikin wannan kashi: nau'insa na asali yana ɗauke da barasa kusan kashi 27 cikin 100. Mai lafiyayyen baki zai iya jurewa. Amma a busasshen baki, wanda fatarsa ta riga ta yi rauni, yana sa zafi da raɗaɗi. Wannan zafin ba alamar magani yana aiki ba ne. Likitocin haƙori suna ba masu bushewar baki shawara su guje shi.

Na biyu shi ne mai sinadarin kuloheksidin, irin su Corsodyl. Wannan magani ne na ciwon dasashi da bayan cire haƙori. Ana amfani da shi na ɗan lokaci, kamar mako 1 zuwa 2, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. In an daɗe a kansa yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, yana kuma canza ɗanɗanon abinci. Ba don bushewar baki aka yi shi ba.

Na uku shi ne wanda babu barasa a ciki. Ku duba jikin kwalbar, ko ku sa ɗan makaranta ya duba muku, ko an rubuta "alcohol free". In yana da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ya fi kyau. Akwai wasu da aka yi musamman domin busasshen baki, irin su Biotene, masu ɗan santsi da ke lulluɓe cikin baki. Suna da tsada, kuma da wuya a same su a ƙauye. Sauƙin da suke bayarwa na 'yan sa'o'i ne kawai. A 2011 ƙungiyar masana ta Cochrane ta auna sakamakon gwaje-gwaje 36 da aka yi a kan irin waɗannan magungunan na shafawa da fesawa da kurkurewa, ba ta sami ƙwaƙƙwarar shaida cewa wani cikinsu yana kawar da bushewar baki ba. Don haka kada wani ya sayar da kwanon masararsa domin kwalba guda.

Wanda za ku iya haɗawa a gida

Ku tafasa ruwa lita ɗaya, wato kimanin ledar fiya wata biyu, ku bari ya huce. Ku zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafe, ba tozo ba. In kuna da bekin soda, farin garin nan da masu yin kek ke amfani da shi, ku ƙara ƙaramin cokali ɗaya. In babu, gishirin kaɗai ya isa. Ku gauraya, ku rufe a kwalba mai tsabta.

A guntsi kaɗan, a kurkure na rabin minti, a tofar. A yi haka sau 3 ko 4 a rana, musamman bayan cin abinci da kafin kwanciya. A haɗa sabo kowace safiya. Wannan ruwan yana jiƙa baki, yana tsinka miyau mai kauri, yana kuma rage tsami.

Ku lura da kyau

Bekin soda ba ita ce sodar yin sabulu ba. Sodar sabulu guba ce mai ƙone baki da maƙogwaro, tana iya hana mutum haɗiye abinci har ƙarshen ransa. Mata masu sana'ar sabulu su ajiye ta inda yara ba za su kai ba, kada kuma a zuba ta a kwalbar ruwan sha ko ta lemo.

Kada a sa kanwa a madadin bekin soda. Ta fi ƙarfi, tana kuma tafe da ƙasa da datti.

Kada a ƙara gishiri fiye da awon da aka faɗa. Yawansa ƙara busar da baki yake yi.

Kada a haɗiye, musamman mai hawan jini. Kada kuma a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ruwan kurkure baki na kanti, domin zai haɗiye shi.

Sauran abubuwan da ke taimakawa

Ku riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan duk yini, ku tafi da gora gona, ku ajiye kofi kusa da shimfiɗa. Tauna tana ta da miyau, saboda haka asuwaki yana da amfani, haka ma cingam marar sukari. Amma ku guji tsotsar alawa da shan lemon kwalba domin jiƙa baki. Zaƙi a busasshen baki hanyar ruɓewar haƙora ce. Ku goge haƙora safe da dare da makilin mai fuloraid, ku tofar da kumfar ba tare da bin ta da ruwa nan take ba. Ku shafa man kaɗanya a leɓe. Tsofaffi kuwa a yi musu miya mai yauƙi, kuɓewa ko karkashi, da kunu da fate, domin haɗiya ta yi sauƙi.

Yaushe za a je asibiti?

Mun san hanya ba ta da sauƙi a kwanakin nan, kuɗin mota ma haka. Duk da haka akwai alamun da ba a zama da su a gida.

In yaro yana gudawa ko amai, bakinsa ya bushe, idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, yana kuka babu hawaye, wannan ba maganar kurkure baki ba ce. A fara ba shi ruwan ORS nan da nan, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi asibiti mafi kusa. Kwalarar da ta ratsa Jihar Katsina a 2021 ta nuna mana yadda rashin ruwa ke kashe mutum cikin sa'o'i.

In babba yana jin ƙishi kullum, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, yana ramewa, kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, ya je a auna sukarin jininsa. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa.

In bushewar ta fara ne bayan an soma wani magani, kada ku daina shi da kanku, balle na hawan jini. Ku ɗauki kwalinsa ku nuna wa wanda ya rubuta muku. Sau da yawa akan iya canza shi ko a sauya lokacin sha.

In akwai gyambo a baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, ko farin abu a harshe, ko bushewar ta yi makonni ba sauƙi, ku fara da asibitin garinku ko Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Katsina ko Shika ta Zariya.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

Su wane ne tsofaffi a cikinmu da suka rage cin abinci? Mun taɓa tambayarsu ko haɗiya ce ke ba su wuya?

A gidajen da ake yin sabulu, ina ake ajiye soda?

Wa zai iya karanta wa maƙwabta rubutun jikin kwalba kafin su biya kuɗi?