Ɗan Aiken Kwamfuta da Lissafin Kwanaki: Wa Ke Riƙe da Makulli?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon maigida a Kasuwar Congo ko a Unguwar Hausawa ta New Bell ya san yadda ake ɗaukar sabon yaro. Ana ba shi makullin shago, amma ba a ba shi na akwatin kuɗi. Yana iya duba littafin bashi ya ce ranar biya ta yi, amma ba ya yafe wa kowa ko da sefa ɗaya. To, jama'a, wannan tsohuwar dabara ita ce masana kwamfuta suka koma wa a yau.

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, irin waɗannan manhajoji suka shiga wayoyin 'ya'yanmu. Yanzu har akwai waɗanda ake aika su yi aiki da kansu: su rubuta wasiƙa, su tuna wa mai bashi, su shirya biyan kuɗi. Sai dai suna da rauni guda. Ba ƙirga suke yi ba, hasashen kalmar da za ta biyo baya suke yi, don haka sukan yi tuntuɓe a lissafin kwanaki.

Ga misali. Wanda ya karɓi kaya ranar 1 ga Disamba 2023 a kan zai biya bayan kwana 90, ranarsa 29 ga Fabrairu 2024 ce. Wanda ya karɓa ranar 1 ga Disamba 2024 kuwa, tasa 1 ga Maris 2025 ce. Kuskuren kwana ɗaya ya isa ya ɓata zumuncin shekara ashirin. Balle a zo ga shekarar Hijira mai kwana 354 ko 355, wadda da ita ake ƙirga cikar shekarar zakka, da takabar wata huɗu da kwana goma.

Maganin da aka samo shi ne a haɗa ɗan aiken da wata ƙaramar manhaja da ba ta san komai ba sai tara kwanaki da ɗebe su. Amma ba a bar ƙofar a buɗe ba. Mai abin yakan rubuta ƙa'idoji: wane ɗan aike ne zai taɓa ta, a kan wane aiki, kuma iyakar kwana nawa. Abin da ba a ba da izininsa a rubuce ba, an hana. Kowace tambaya kuma ana ajiye ta, don in rigima ta tashi a ga inda aka karkace. Izinin lissafi daban, izinin tura kuɗi ta Orange Money ko MTN daban. Wannan sai mutum ya sa hannu.

Akwai kuma inda lissafi ba shi da ta cewa. Na'ura tana iya faɗin ranar da ake sa ran wata, amma sanar da azumi ko salla a Kamaru aikin hukumar duban wata ta ƙasa ne, kamar yadda yake a hannun Sarkin Musulmi a Nijeriya.

Saboda haka in ɗanka ya ce zai ɗora littafin shago a kan irin wannan manhaja, tambaye shi abu uku: da me take ƙirga kwanaki, me aka hana ta, kuma wa ke duba bayanta? In bai da amsa, riƙe makullinka tukuna. Allah Ya sa mu dace.