Muhammad Kibriya: Mai Zanen Da Ya Bar Siffa Ya Kama Launi

Duk wanda ya tsaya gaban zanen Muhammad Kibriya yana neman fuskar mutum, ko kwalekwale, ko itace, to, zai daɗe a tsaye bai gani ba. Abin da zai gani shi ne launi toka-toka da ƙasa-ƙasa, da tsage-tsage kamar na tsohon bango wanda ruwan damina ya daɗe yana duka. Amma kuwa da irin wannan zane ne ya shiga sahun manyan masu zane na ƙasar Bangaladash.

An haife shi ran 1 ga watan Janairu, 1929, a gundumar Birbum ta yankin Bengal, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Ya sauke karatu a makarantar koyon zane ta gwamnati da ke Kalkata cikin 1950. Kafin nan, cikin 1947, an raba ƙasar gida biyu, mahaifarsa ta faɗa ɓangaren Indiya. Cikin 1951 ya bar gida ya koma Daka, babban birnin Pakistan ta Gabas a wancan zamani, ya soma da koyar da zane a wata makarantar sakandare. Cikin 1954 ya zama malami a makarantar zane wadda Zainul Abidin ya kafa cikin 1948.

Tafiyarsa Japan ita ce ta juya masa akala. Daga 1959 zuwa 1962 ya yi karatu a jami'ar fasaha ta Tokiyo, inda ya ƙware wajen sassaƙa zane a jikin katako ko ƙarfe, a shafa tawada, sa'an nan a buga a takarda. Kafin tafiyar yakan zana mutane da siffofi masu kusurwa-kusurwa. Da ya dawo sai ya yi ta rage siffa, har ya bar ta baki ɗaya, watau ya koma ga launi da kaushin fenti kaɗai.

Wannan kuwa kasada ce. Shi Zainul Abidin ya yi suna ne da zane-zanen yunwar Bengal ta 1943, inda kowa ke ganin ƙasusuwan talakawa da hankaki a kan titi. A ƙasar da ta saba da haka, mai zanen da babu ko mutum ɗaya cikin aikinsa yana iya shan zargin ya juya wa jama'a baya. Kibriya bai sake hanya ba. Masu nazarin aikinsa sukan ce kewa da kaɗaicin wanda ya rabu da mahaifarsa suna nan kwance cikin waɗannan launuka masu sanyi.

Daga baya ƙasarsa ta yaba masa. An ba shi lambar girma ta Ekushe cikin 1983, da lambar ranar 'yancin kai cikin 1997. Ya yaye ɗalibai masu yawa, waɗanda suka zama malamai su ma.

Allah ya yi masa rasuwa a Daka ran 7 ga watan Yuni, 2011, yana da shekara 82.