Kasalar rana: Yadda za a wuni da kuzari ba tare da dogaro da goro ko gahawa ba

Da misalin ƙarfe biyu na rana, a ofisoshin sakatariya ko a rumfunan Kantin Kwari, akwai yanayin da kusan kowa ya sani. Ido ya yi nauyi, hamma ta yawaita, lissafin da aka saba kammalawa cikin minti ɗaya ya koma ana maimaita shi sau uku. A daidai lokacin ne wani zai laluba aljihu ya ɓare goro, wani ya aika wurin mai shayi a haɗo masa da Nescafé, matasa kuma su buɗe gwangwanin lemon ƙara kuzari. Dukkansu abu ɗaya suke nema ko da ba su san sunansa ba, wato sinadarin kafeyin da ke cikin goro, gahawa, ganyen shayi da wasu lemukan kwalba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kafeyin ba ya ƙara wa jiki ƙarfi ko kaɗan. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma yawansa ne ke sanar da jiki cewa ya gaji. Aikin kafeyin shi ne toshe kafofin da adenosin ke bi ya isar da wannan saƙo. Gajiyar tana nan, labarinta ne kawai aka tare. Da zarar ƙarfin kafeyin ya sauka, abin da ya taru sai ya auko gaba ɗaya, shi ya sa mai goro kan ji ya fi kasala bayan 'yan sa'o'i, ya sake neman wani ɓarin.

Matsala ta biyu ita ce daɗewarsa a jiki. A matsakaici, sai bayan kimanin sa'o'i biyar ne jiki ke kawar da rabin kafeyin da aka sha. Ke nan wanda ya sha gahawa bayan La'asar zai kwanta da wani kaso nata a jininsa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya gano cewa miligiram 400 na kafeyin da aka sha sa'o'i shida kafin kwanciya ya rage barcin mutane da fiye da sa'a guda. Barci ya ragu, safiya ta zo da nauyin jiki, a nemi shayi mai ƙarfi don a farfaɗo, daren gaba kuma ya sake lalacewa. Masu zaman majalisa da ke shan shayin Buzaye har ƙarfe goma na dare suna cikin wannan zagaye, ko da suna cewa su shayi ba ya hana su barci. Mutum na iya yin barcin, amma ba mai zurfin da ke wartsakarwa ba.

Don haka gyaran yana farawa ne daga dare. Baligi na buƙatar barcin aƙalla sa'o'i bakwai. Ga wanda zai tashi sallar Asuba wajen ƙarfe biyar, lissafin a bayyane yake: ƙarfe goma ya kamata ta same shi a kwance. Kallon ƙwallon Turai da latsa waya a kan gado su ne ke cinye wannan lokaci a gidaje da yawa. Tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, har a ranakun da ba a zuwa aiki, ya fi amfani a kan rama barci ranar Asabar. Fita cikin hasken rana da safe, ko da na minti goma ne, yana taimaka wa agogon jiki ya daidaita.

Ita kuwa kasalar bayan Azahar, ba lalaci ba ne. Agogon jikin ɗan Adam da kansa yana sassauta kuzari a farkon yammaci, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Sai dai abincin rana na iya tsananta ta. Malmalar tuwo biyu, ko farar shinkafa cike da faranti a kora da lemon kwalba, suna ɗaga sukarin jini da sauri, sannan ya faɗo. Rage yawan abincin da haɗa shi da wake, ƙwai, kifi ko ganye irin su zogale yana sa ƙarfin ya riƙa fita sannu a hankali. Haka ma karin kumallo: ƙosai da koko mara sukari da yawa ya fi riƙe ciki a kan farin burodi da shayi mai zaƙi. Gyaɗa ko dabino kaɗan sun isa a tsakanin abinci.

Ƙailula, wadda al'ada da addini suka daɗe da sani, tana da goyon bayan kimiyya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada ta a kan matuƙan jiragen sama masu dogon zango a shekarun 1990, inda barcin kimanin minti 26 ya inganta farkawarsu da aikinsu. Sharaɗin shi ne ta kasance gajeriya, minti 10 zuwa 20, kuma kafin La'asar. Idan ta zarce rabin sa'a, mutum kan shiga barci mai nauyi ya farka a gigice. Ma'aikacin da ba shi da wurin kishingiɗa zai iya musanya ta da tattaki na 'yan mintuna. Tafiya masallaci da alwala da ruwan sanyi ma suna yin wannan aikin.

Sai ruwa. A zafin watannin Maris da Afrilu, ƙarancin ruwa a jiki kaɗai na kawo ciwon kai da raunin tunani, kuma ɗan kasuwar da ciniki ya ɗauke wa hankali kan wuni bai sha isasshe ba. Fitsari mai duhun launi alama ce ta a ƙara. Ga mai son abin sha mai ɗanɗano, zoɓo da kunun aya da shayin citta ba su da kafeyin, muddin ba a cika su da sukari ba.

Ba a ce kafeyin guba ba ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce miligiram 400 a rana, kimanin kofi huɗu na gahawa, ba ya cutar da yawancin manya masu lafiya, yayin da hukumar lafiya ta Birtaniya ke shawartar masu juna biyu kada su wuce 200. Masu hawan jini su ma su yi hattara, domin yana ɗaga shi na ɗan lokaci. Wanda ya saba kuma kada ya yanke dare ɗaya: ciwon kai da ƙunci kan fara cikin sa'o'i 12 zuwa 24, suna iya kaiwa mako guda ko fiye. Ya fi sauƙi a fara da barin na yamma, sannan a riƙa rage na safe cikin makonni biyu ko uku.

Idan an gyara barci da abinci amma gajiya ta ƙi tafiya har tsawon makonni, lamarin ya wuce na goro. Ƙarancin jini, ciwon sukari, matsalar maƙoƙo da zazzaɓin cizon sauro duk suna fitowa da irin wannan kasala, kuma gwajin jini ne ke bambance su. Shan shayi tare da abinci ma yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa, abin da ya fi shafar mata. Haka nan mai minshari da ƙarfi, wanda iyalinsa ke lura numfashinsa na ɗaukewa cikin barci kuma yake wuni yana gyangyaɗi, yana buƙatar ganin likita, musamman idan yana tuƙa mota.