Nasiha ga wanda sana'a ta kawo shi Kano da iyalinsa

Zancenmu na yau a kan mutumin da ciniki ko aiki ya taso da shi daga garinsu zuwa birnin Kano, ga mata ga 'ya'ya, yana neman gidan da aljihunsa zai ɗauka, kuma wanda bai yi nisa da makarantar kirki ba.

A zamanin fatake abin da sauƙi. Baƙo ya sauka wurin fatoma, shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ne mai tsaya masa idan rigima ta taso. Fagge kanta asalinta masaukin ayari ce. Amma falke ba ya zuwa da yara, in ya sayar ya saya sai ya ɗaure kayansa ya koma. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 baƙi suka fara zama dindindin, har birnin ya tumbatsa ya wuce ganuwa nesa.

To, ku sani, kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara kama gida, daga baya ya shiga cigiyar makaranta. Kamata ya yi ya juya abin. Ya fara duba inda zai riƙa wuni. Mai hatsi a Dawanau ya nemi Kurna ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa, duk kan hanyar Katsina suke. Mai aiki a masana'antun Sharaɗa ya dubi Ja'en ko Ɗorayi. Mai katako ko kayan marmari ya tsaya wajen Na'ibawa a hanyar Zariya. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa, in ya sami ɗaki a Fagge ya huta, sai dai hayar can ba ta ƙaramin ɗan kasuwa ba ce. In ya tsai da yanki, sai ya bi makarantunsa ɗaya ɗaya, sa'an nan ya nemi gida inda yaro zai iya takawa da ƙafa.

Dalili kuwa lissafi ne, ku 'yan kasuwa kun fi ni saninsa. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, sai a-daidaita-sahu, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau. A ƙaddara mutum yana da yara 3, kowane naira 200 zuwa, naira 200 dawowa. A mako naira 6,000 ke nan, a makonni 39 na karatu naira 234,000. Wanda ya gudu bayan gari domin rangwamen naira 100,000 a hayar shekara, ashe bai ci riba ba, balle a sa wahalar yaro da makara, da rasa karatun Islamiyya na yamma.

Game da gane makarantar kirki kuwa, kada fentin bango da allon suna su ruɗe ku. Ku je ranar karatu ba tare da sanarwa ba. Ku ƙirga yaran aji. Ku karɓi littafin yaro ɗaya ku ga ko malami yana duba aiki da gaske, ko kuwa shafi goma sun wuce babu alamar jan biro. Ku tambaya ko malaman suna daɗewa, domin makarantar da ke sauya malami kowane zango ba ta biyan haƙƙinsu ne. Ku nemi a rubuta muku dukkan abin da ake biya, har da na littattafai da kayan makaranta da jarrabawa, gama a nan ake ɓoye tsada. A makarantar allo ko Islamiyya, a sa yaro ya biya karatunsa a gabanku. Mai kunne zai ji ko ana gyara masa harafi da madda. Gwamnatin jiha ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, amma cunkoso a wasu firamare yana da yawa, saboda haka ido ne zai raba gardama. Wanda ke da ɗa mai ƙoƙari ya tuna da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe a 1977. Na kwana ne, da jarrabawa ake shiga, ba ruwansu da unguwar da uba yake haya.

Sai gidan kansa. A tambayi ruwa kafin a tambayi fitila: akwai rijiya ko burtsatse, ko kuwa kullum sai mai garuwa? A dubi gindin bango, in da tabon ruwa to damina tana shiga. Wanda ya ga yadda ambaliya ta yi wa Kantin Kwari ɓarna a 2022 ba ya raina magudana. A yi salla biyu ko uku a masallacin unguwar, a gai da mai unguwa, a ji halin maƙwabta daga bakin wanda ba shi da la'ada a cikin cinikin.

A ƙarshe sai ƙulla haya. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a ambaci kuɗi, a ambaci wa'adi. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa mutuwar mai haya ba ta warware hayar, amma in gida ya rushe kafin wa'adi, abin da ya rage ya warware. Tun da masu gidaje sukan nemi kuɗin shekara a dunƙule, a rubuta takarda da shaidu biyu: ranar shiga, ranar ƙarewa, la'adar dillali nawa ce kuma wa zai biya, gyaran rufi da yashe shadda a wuyan wa suke. Kada a miƙa kuɗi ga dillali sai an ga mai gidan ido da ido, ko wakilinsa da unguwa ta sani, gama an sha karɓar hayar ɗaki ɗaya daga hannun mutum biyu. In da hali, a sa ƙarshen wa'adi ya faɗo cikin dogon hutu, don kada tashi ya katse wa yara zango.