Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 Yau za mu yi magana a kan mutanen da sukan fita neman waɗanda ambaliya ko guguwa ta rutsa da su, ba tare da an biya su ko anini ba. Su ne ake kira 'yan sa kai. Domin mu fahimci aikinsu sosai, bari mu kai ku wata ƙasa mai nisa a gabas, wato Bangaladash, maƙwabciyar Indiya, gama a can ne aka daɗe ana wannan aiki, har aka ga amfaninsa a fili.

Da fari sai mu san yadda ƙasar take. Manyan koguna uku, Ganjis da Barahmaputara da Megna, a can suke haɗuwa su zuba cikin Tekun Bengal. Bakin tekun fadama ce shimfiɗaɗɗiya, da tsibirai masu yawa, wurare da dama kuwa kaɗan suka fi teku tudu. Miliyoyin mutane suna zaune a wurin, suna noman shinkafa, suna su. Idan babbar guguwa ta taso daga teku, takan turo ruwa a gabanta kamar yadda makiyayi yake kora garke. Da yake tekun yana ƙara matsewa ta wajen arewa, ruwan ba shi da wurin bazuwa, sai ya tashi sama ya hau kan ƙasa. Iska takan kwashe jinka ta tuge itatuwa, amma wannan ruwan ne yakan kashe yawancin mutane.

A daren 12 ga Nuwamba 1970, lokacin ana kiran ƙasar Pakistan ta Gabas, irin wannan guguwa ta faɗa wa tsibirin Bola da kewayensa. A wasu wurare ruwan ya fi tsawon mutum uku. Aƙalla mutum 300,000 suka mutu, wasu masu lissafi ma sun ce sun kai 500,000. Masana yanayi sun ga guguwar tana zuwa, an kuma yi sanarwa a rediyo. Amma ƙauyuka da yawa ba su da rediyo. Waɗanda suka ji ma ba su gane girman abin ba, waɗanda suka gane kuwa ba su da tudun da za su gudu. Kun ga, labarin ya fito daga birni, amma ba wanda zai kai shi ƙofar gida.

Wannan giɓi ne aka yi niyyar toshewa a 1972, bayan ƙasar ta sami 'yancin kanta. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasar, wadda daga baya ta zama Red Crescent, ta kafa wani shiri na tanadi domin guguwa, wanda ake kira CPP a taƙaice. A 1973 gwamnati ta sa hannu, shirin ya zama na haɗin gwiwa. An fara da 'yan sa kai kimanin 20,000. Zuwa 2022 sun haura 70,000, kusan rabinsu mata ne.

To, su wane ne waɗannan mutane? Manoma ne, da masunta, da malaman makaranta, da masu tireda, da matan aure. Kowa daga ƙauyensa aka ɗauke shi, kuma a ƙauyensa yake aiki. An raba su ƙananan rukunai, kowane rukuni yana lura da ƙauye ɗaya ko biyu ko uku. A cikin rukuni kuma ayyuka biyar ne. Akwai masu gargaɗi, akwai masu kai jama'a mafaka, akwai masu nema da ceto, akwai masu taimakon farko ga wanda ya ji rauni, akwai kuma masu rabon kayan agaji. Tun sararin sama yana garau kowa ya san aikinsa. Ana koya musu, ana kuma yin gwaji a filin ƙauye a gaban jama'a, har yara su ga yadda ake ɗaukar wanda ya karye da yadda ake jefa wa mai nutsewa igiya.

Ga yadda labari yake tafiya. Hukumar kula da yanayi a Daka, babban birnin ƙasar, tana bin guguwar tun tana tsakiyar teku. Sai ta sanar da ofishin shirin, shi kuma ya aika ta rediyon oba-oba zuwa ofisoshin gundumomi, daga nan zuwa shugabannin rukunai. A zamanin nan wayar hannu ta ƙara sauri, amma ba a yar da rediyon ba, gama guguwa takan kayar da turakun waya. Gargaɗin yana da lambobi, goma ita ce alamar babban haɗari. Domin wanda bai iya karatu ba, sai a ɗaga tuta: ɗaya in haɗarin yana nesa, biyu in ya matso, uku in ya zama tilas kowa ya tashi. Daga nan 'yan sa kai su bazu a ƙafa da keke da kwalekwale, suna shela da lasifikar hannu, suna juya jiniya, suna ƙwanƙwasa ƙofa gida gida. Har lasifikar masallatai akan yi shelar da ita.

Ina ake kai mutanen? An gina mafaka ta kankare a kan dogayen ginshiƙai, domin ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Da yawa daga cikinsu makarantu ne a sauran kwanaki, saboda haka kowane yaro ya san hanya. A wasu wurare kuma an tara ƙasa an yi tudu domin shanu da awaki.

Kada mu ɗauka da jin shela kowa yake tashi. Talakan da saniya ɗaya ce dukiyarsa ba ya son barinta. Wani yana tsoron ɓarayi su shiga gidan bayansa. Wani kuma ya ce an taɓa tashinsa a banza. Haka ya faru a Satumba 2007, da aka yi gargaɗin cewa igiyar ruwa za ta taso saboda girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku. Mutane suka gudu, ba abin da ya zo. Bayan wata biyu, da guguwa ta gaske ta taso, wasu suka ƙi motsawa. A irin wannan hali baƙo mai kaki ba zai iya kome ba. Amma idan mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗan maƙwabcinka ne, wanda ka san ubansa, ya kuma ce zai taya ka kora saniyar, zancen yakan shiga kunne. Shi kuma ya san ɗakin da tsohuwa makauniya take kwana, ya san gidan mai ciki, ya san wanda ba ya iya tafiya sai an goya shi.

Shirin bai cika a rana ɗaya ba. A daren 29 ga Afrilu 1991 wata guguwa ta faɗa wa yankin Citagon, mutum kimanin 138,000 suka mutu, ko da yake 'yan sa kai sun yi shela, wasunsu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki. Mafakar da ake da ita a lokacin ba ta isa ba ko kusa. An kuma lura cewa mata sun mutu fiye da maza nesa ba kusa ba. Shelar da aka yi a kasuwa ba ta kai cikin gida ba. Wata ta ji, amma ta tsaya jiran maigida ya dawo ya ba ta izini. Da yawa ba su iya iyo ba, ga goyo, ga dogon zane da yake naɗe ƙafa a cikin ruwa. Bayan wannan ne aka dage da gina mafaka, har suka zama dubbai, aka kuma ƙara shigar da mata cikin aikin, gama mace tana shiga inda namiji baƙo ba zai shiga ba. Su ne suke koya wa 'yan'uwansu su ɗaure gashi, su sa tufar da ba za ta harɗe su ba, su kuma binne busasshen abinci da ruwan sha da ashana a cikin abin da yake rufuwa sosai, domin a tono bayan ruwa ya janye.

Idan iska ta lafa, sai aikin nema ya fara. Masu ceto sukan duba kan itatuwa, inda mutane sukan maƙale dukan dare. Sukan duba ƙarƙashin ɗakunan da suka rushe, da bakin tafkuna, da cikin gonaki. Wanda aka samu da rai a tsayar masa da jini, a ɗaure karaya, a ɗauke shi zuwa wurin ma'aikatan lafiya. Bayan haka akwai wani haɗarin, gama ruwan gishiri ya ɓata tafkunan sha, gudawa kuwa takan biyo baya. Don haka rabon ruwa mai tsabta da haɗin gishiri da sukari yana cikin aikin ceton rai.

Akwai ka'idar da ake koya wa masu ceto a cikin ruwa a ƙasashe da yawa, ya kamata kowannenmu ya riƙe ta. In ka ga mutum yana nutsewa, fara miƙa masa sanda ko gora kana tsaye a wuri mai ƙarfi. In bai kai ba, jefa masa igiya ko jarka rufaffiya wadda ba kome a ciki. In wannan bai yiwu ba, a je da kwalekwale. Shiga ruwa da jiki shi ne na ƙarshe, kuma sai wanda aka horar, gama mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo cetonsa su tafi tare. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Mai ceton da ya faɗa ruwa da zafin zuciya kawai ya ƙara wa 'yan'uwansa aiki, sai a nemi mutum biyu maimakon ɗaya.

Yanzu bari mu duba abin da wannan tanadi ya haifar. A 15 ga Nuwamba 2007 guguwar da aka sa wa suna Sidir ta zo da ƙarfi ƙwarai. 'Yan sa kai kimanin 40,000 suka fita. Lissafin hukuma ya nuna mutum 3,400 da ɗoriya ne suka mutu. Bayan wata shida, a Mayu 2008, guguwar Nargis ta faɗa wa ƙasar Miyanma, maƙwabciyarsu, inda ba a yi irin wannan shiri ba, waɗanda suka mutu ko suka ɓace suka kai kimanin 138,000. A Mayu 2020 kuma, da guguwar Amfan ta taso, an kwashe mutum fiye da miliyan 2 zuwa mafaka a Bangaladash, waɗanda suka mutu a ƙasar 'yan gommai ne. Gaskiya ne guguwa ba ɗaya ba ce da wata. Taurarin ɗan'adam sun kyautata hasashe, kurmin Sundarban da yake bakin teku ma yakan rage ƙarfin iska da ruwa. Duk da haka, hasashe ba ya goya tsohuwa ya kai ta tudu, sai an sami mai ƙafa da baya. Aikin kuwa yana da tsada. A lokacin Amfan wani shugaban rukuni ya nutse a yankin Patuwakali, da kwalekwalensa ya kife yana kan hanyar yi wa mutane gargaɗi.

'Yan'uwa, mu ba mu da irin guguwar tekun nan, amma ambaliya ba baƙuwarmu ba ce. Mun ga ta 2012 da ta 2022 a bakin Binuwai da Kwara. Mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. A irin wannan dare, kafin taimako ya iso daga nesa, maƙwabci ne yake kusa. Saboda haka tun da rani ya kamata kowace unguwa da take bakin ruwa ta zauna ta amsa waɗannan tambayoyi. Wane tudu za mu nufa, ta wace hanya? Wa yake da kwalekwale, wa yake da doguwar igiya? Wa ya iya iyo sosai, wa ya koyi taimakon farko? Su wa za su ta da mutane in ruwa ya zo da tsakar dare, da wace alama? Wa zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya, kowa da sunansa? Ba a bukatar kuɗi mai yawa kafin a amsa waɗannan. Iyayenmu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mutanen Bangaladash kuwa sun sayi wannan darasi da rayuka masu yawan gaske. Mu an ba mu shi kyauta, kada mu jira sai ruwa ya kai gwiwa.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye ku da gidajenku a wannan damina, ya kuma ƙarfafa hannun dukan masu fita neman 'yan'uwansu.